"Sai Gobe": Laifin Ɗalibi Ne, Ko Makaranta Ce Ta Koya Mana?

Sagir (Admin): Assalamu alaikum 'yan uwa. Jadawalin jarabawa ya fara fitowa, kuma kamar kullum zauren nan ya cika da masu neman handawut na kwas ɗin da aka fara koyarwa tun wata uku baya. Bari mu taɓa tushen abin. Me ya sa ɗalibi zai san ranar karɓar aiki tun farkon zango, amma ba zai taɓa shi ba sai daren ƙarshe? Lalaci ne, waya ce, ko kuwa makarantun ne suka saba mana da cewa babu ranar da ake cikawa? A yi magana da ladabi, akwai malamanmu a ciki. Mai ƙorafi ya kawo, amma ban da kiran sunan malami ko na makaranta.

Nura Injiniya: Wa alaikumus salam. Admin, kada a fara da zagin ɗalibi. A 2020 ƙungiyar malaman jami'a ta ASUU ta shiga yajin aiki a watan Maris, ba a janye ba sai Disamba, ga korona a kai. A 2022 kuma daga 14 ga Fabrairu har 14 ga Oktoba, wata takwas cur. Yawancin waɗanda suka shiga jami'ar gwamnati a 2018 ko 2019, biyun nan sun faɗa musu. Da aka dawo sai aka matse zango, malami ya zo ya juye maka karatun wata guda a kwana biyu. A sa ranar tes a ɗage. A sa ranar rufe rajista, a ƙara mako biyu, a sake ƙarawa. Mutumin da ya saba ganin duk ranar da aka sa sai ta gusa, ta ina zai ɗauki rana da muhimmanci? Tarbiyya ce aka yi mana.

Kawu Sale: Ƙanena Nura, mu ma mun sha namu a 2013, daga Yuli har Disamba, don haka ba labari kake ba ni ba. Tambaya ɗaya zan yi maka. A cikin wata takwas ɗin nan, shafi nawa ka karanta?

Nura Injiniya: Kawu, aikin waya na koya, da shi nake biyan kuɗin rajista yanzu.

Kawu Sale: Madalla, Allah ya yi albarka. To ka ga kai ba rago ba ne. Wanda ya iya zama a shago tun safe har magariba yana koyon haɗa waya, ba ƙarfin aiki ya rasa ba. Littafin ne kawai ba ya son buɗewa. Yajin aiki ya ci mana shekaru, gaskiya ne, amma ba shi ya hana mutum karanta lakcar Litinin a daren Litinin ba.

Ummi: Ni dai ban san ko lalaci ake kiran nawa ba. Ranar da na ce zan fara asamen, ranar ce nake ganin ɗaki ya yi datti. In share, in wanke kayan da ko datti ba su yi ba, in jera littattafai bisa tsayi, in fere fensir alhali da biro zan yi rubutu. Kafin in zauna an kira la'asar. Sai in ce bari in yi salla in ci abinci tukuna. Da na ci kuma jiki ya mutu. Abin mamaki, duk tsawon yinin ba hutawa nake yi ba, abin na nan a ƙirjina kamar an ɗora dutse.

Bash: Ummi kin tona mana asiri. Ni ɗakina bai taɓa tsabta irin ta makon jarabawa ba 😂

Malam Habu: Assalamu alaikum. Na daɗe ina duba furojek na 'yan ajin ƙarshe, bari in faɗi abin da nake gani daga wannan gefen teburin.

Maganar Ummi ita ce ta fi kusa da gaskiyar lamarin. Rago na gaske hankalinsa kwance yake, ba ya yi kuma bai damu ba. Mai jan ƙafa kuwa yana cikin azaba. Abin da yake gudu ba aikin ba ne kansa, yadda yake ji ne in ya tuna aikin: tsoron kada ya yi a ce bai iya ba, ko kunyar cewa bai gane lakcar ba tun farko, ko kuma bai ma san ta inda ake kamawa ba. Da ya ce "sai gobe" sai ya ji sanyi a ransa nan take. Wannan sanyin shi ne ladan da ke sa shi maimaitawa.

Akwai binciken da Dianne Tice da Roy Baumeister suka wallafa a 1997 kan ɗaliban jami'a a Amurka. Sun bi su tsawon zango. A farkon zango masu jan ƙafa sun fi kowa kwanciyar hankali, sun fi ƙarancin ciwo. Da ƙarshen zango ya zo sai abin ya juye: sun fi damuwa, sun fi rashin lafiya, kuma makinsu ya fi ƙasa. Ku lura, a Amurka ne wannan, inda kalandar makaranta ba ta gusawa. Don haka Nura, yajin aiki ya ƙara wa abin ƙarfi a wurinmu, amma ba shi ya haife shi ba.

Nura Injiniya: Allah gafarta Malam, na ji. Amma su can suna da wuta da intanet. Mu fa sai ka shirya karatu ƙarfe takwas, a ɗauke wuta bakwai da rabi.

Malam Habu: Gaskiya ne, kuma ban raina wannan ba. Sai dai ka san za a ɗauke. Abin da ka san zai faru kullum ba uzuri ba ne kuma, yana cikin lissafi. Aikin da ke buƙatar kwamfuta a yi shi lokacin da akwai wuta ko a laburare, karatun takarda a bar wa lokacin da babu.

Bash: Ni fa Malam, ƙwaƙwalwata ba ta kamawa sai wuta ta zo wuya. TDB ɗaya nake yi, wato karatun dare har asuba, in shiga in fito da C ɗina lafiya.

Bilkisu: Bash, na taɓa leƙa ajin da kuke TDB ɗin nan. Ƙarfe goma an cika maƙil, soket ɗaya mutum goma sun rataya a kai. Wani ya jiƙa Nescafé a robar ruwa, wani na cin goro, wani ya tsoma ƙafa a bokitin ruwan sanyi wai kada barci ya ɗauke shi. Sha biyu ana hira, wai ana "tattauna tsofaffin tambayoyi". Ƙarfe biyu rabin aji sun kifa kai a kan benci, sauro na shagali. Da asuba kowa ya tashi da shatin handawut a kumatu yana cewa ya kwana karatu. In ka tace, bai fi awa biyu aka yi na gaske ba. Kuma barcin da aka hana ido, shi ne ke zaunar da abin da aka karanta a ƙwaƙwalwa.

Sannan C ɗin da kake taƙama da shi, ka yi lissafi. C daga 50 ne zuwa 59, B daga 60 zuwa 69. Asamen ɗin maki goma da kake kwafa a tsaye a bakin ofis, shi ne tazarar da ke tsakanin su. A kwas mai yunit uku, tazarar nan maki uku ne a lissafin CGPA, wato matsakaicin makin da ake fitar da darajar digiri da shi. Ka tara wannan a kwas takwas, zango takwas. Nan ne ake rabuwa tsakanin mai 3.50 da ya fita da babbar daraja ta biyu da mai 3.40 da zai yi ta cewa saura ƙiris.

Bash: Anti Bilkisu a yi haƙuri, ba faɗa ba ne 🙌

Rukayya Maman Amir: Ina son a bambance abu biyu, don ana haɗa mu a yi mana kuɗin goro. Akwai wanda yake da lokaci yana wasa da shi, akwai wanda lokacin ne babu. Ni ina da aure da yaro, daga gida nake zuwa. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 kuɗin mota ya sa ba kullum nake iya zuwa laburare ba in babu lakca. In na dawo ga girki, ga wanki, ga baƙi, kuma ba a cewa baƙo ya tashi ina da tes. In na kai aiki a makare sai a dube ni kamar wadda ta kwana kallon TikTok.

Abin da ya cece ni, na daina neman "lokacin karatu" mai tsawo, don ba zai zo ba. Na ɗaura karatun a jikin salla. In na idar da asuba ba na komawa, ina da kamar minti arba'in kafin yaro ya tashi. Littafin tun dare nake buɗe shi a shafin da zan fara, in ajiye kusa da darduma, don in na ce sai na tashi na nemo shi a jaka, to an gama. Bayan isha kuma in ya yi barci in duba abin da aka yi a aji ranar. Ba yawa, amma kullum ne.

Ustaz Kabiru: Maman Amir, Allah ya saka da alheri, kin yi aiki da hadisi biyu a tare. Annabi (SAW) ya roƙa wa al'ummarsa albarka a sammakonta, kuma ya ce aikin da Allah ya fi so shi ne mai ɗorewa ko da kaɗan ne. Sannan a cikin addu'o'insa yana neman tsari daga gajiyawa da kasala. Abin da nake son in ja hankalinmu a kai shi ne yadda muke ɓuya a bayan "in sha Allah". An umarce mu da faɗar ta a kan abin da muka ƙudura za mu yi. Mu kuma mun mai da ta hanyar sallamar mutum. In abokin karatunka ya ce "in sha Allah zan duba", kai ma ka san ba zai duba ba.

Gardi: Ni ta tsangaya na biyo kafin in shiga boko, kuma har yau ina mamakin yadda 'yan jami'a ke karatu. A tsangaya babu wanda ke haddace izu a dare ɗaya. Ka rubuta allonka daidai abin da za ka iya, malam ya biya maka, ka yi ta maimaitawa, sai ka kawo hadda ya saurara sannan a ba ka izinin wankewa. Kuma na baya ba a barinsa, kullum akwai tilawa. Abu uku ke nan: kaɗan-kaɗan, ana komawa baya, kuma akwai wanda zai saurare ka gobe da safe. Na ukun nan shi ne jami'a ba ta da shi. Malami ya ba ka aiki yau, ba mai tambayarka sai bayan wata biyu. Almajiri ba ya jan ƙafa, ba don ya fi ku tsoron Allah ba ne, don ya san gobe za a ce "kawo".

Da na shigo jami'a sai na nemi mutum biyu a ajinmu. Duk Alhamis bayan la'asar muna zama, kowa ya rufe littafi ya yi wa sauran bayanin lakca ɗaya ta makon. In ba ka karanta ba, a gaban mutane za ka yi ta in'ina. Kunyar nan kaɗai ta isa.

Bilkisu: Gardi, abin da ka faɗa Turawa ma sun tabbatar da shi. Wani Bajamushe, Hermann Ebbinghaus, tun 1885 ya nuna cewa mantuwa ta fi sauri a sa'o'i da kwanakin farko bayan koyo, kuma bita a rarrabe ta fi bita a dunƙule. Ni kuma dabarar Pomodoro nake haɗawa da ita. Wani ɗan Italiya ne, Francesco Cirillo, ya ƙirƙiro ta yana ɗalibi a ƙarshen shekarun 1980, da agogon kicin mai siffar tumatir. Minti 25 kana aiki ɗaya tak, minti 5 hutu, bayan zagaye huɗu ka yi hutu mai tsawo. Amfaninta a wurina ba a minti 25 ɗin yake ba, a farawa yake. Zuciya na ƙin "karanta kwas gaba ɗaya", amma ba ta cika gardama da minti 25 ba.

Bash: Matsalar, da waya zan saita minti 25 ɗin. In na ɗauka don in saita, sai in ga saƙo. Hutun minti biyar kuma in na shiga TikTok sai kiran salla ya fito da ni.

Gardi: To ka ba wani ajiyar wayar mana. Ko ka sayi agogon hannu na roba a bakin kasuwa.

Bash: Handawut ɗin duk a wayar suke, Alaramma.

Kawu Sale: Wannan ita ce masifar zamaninku, littafi da kasuwa a aljihu ɗaya. Ka buga na kwas ɗin da ya fi ba ka wuya a takarda, ko kuɗin data na kwana biyu ne ka sadaukar. Sauran kuma ka kashe data kafin ka buɗe. Ba sai ka gwada ƙarfin zuciyarka da abin da kamfanoni suka zuba dukiya don ya riƙe ka ba.

Ɗan Maraɗi: Salamu alaikum 'yan uwa na Najeriya. Mu nan Nijar tsarin LMD muke (lisans, mastas, dokta), lisans wato digirin farko shekara ukku, maki bisa 20 ne, sai ka samu 10 ka tsallake. Jinkirin shekara mu ma mun san shi, ana shiga sabuwar shekara ta baya ba ta ƙare ba, kuran (wutar lantarki) ma yana yankewa lokacin zafi. Amma abin da ke cutar mu shi ne jarabawar zagaye na biyu da ake ba wanda bai ci ba. Rahama ce aka yi, mu kuma muka mai da ita shiri. Tun farko mutum zai ce wannan darasin na bar shi sai zagaye na biyu. Ranar ta zo ya tarar ya tara huɗu ko biyar a mako guda. Don haka maganar Nura tana da gaskiya ta wani gefe: duk inda aka bar ƙofa ta biyu, ɗalibi zai jingina da ita.

Nura Injiniya: Yauwa! Na gode ɗan uwa. Ga shaida daga ƙetare.

Kawu Sale: Shaidar ba taka ba ce, ka sake karantawa. Cewa ya yi "mu muka mai da ita shiri".

Bilkisu: Tunda Malam yana nan, bari in kawo nawa ƙorafin, ba suna. Na kai babi na ɗaya da na biyu na furojek ɗina wurin mai duba aikina, suka kwana a teburinsa har na daina ƙirga makonni. In na je a ce ya tafi taro, in na kira ba a ɗauka. Ranar da ya dawo da su kuma ya ce in kawo na uku da na huɗu cikin kwana goma don an sa ranar difens, wato ranar kare furojek a gaban malamai. Wannan jinkirin wa ya jawo shi? Kullum ɗalibi ake wa wa'azi.

Istifanus: Bilkisu ta faɗi abin da ke ran mutane da yawa. Mu sai mu makara da kwana ɗaya a ƙi karɓa, amma sakamakon jarabawa ya yi zango guda bai fito ba, ba mai cewa uffan.

Malam Habu: Ba zan kare abin da bai karuwa ba. Akwai malaman da ke danne aikin ɗalibi ba dalili, kuma zalunci ne. Akwai kuma wanda aka jibga wa ɗalibai masu yawa, ga koyarwa, ga duba takardun aji mai ɗaruruwan mutane. Daga waje duk kama ɗaya suke.

Amma Bilkisu, ga tambayar da nake yi wa nawa ɗaliban: a makonnin da babinki ke kan tebur, me kika yi wanda ba ya buƙatar sa hannun kowa? Jera manazarta bisa ƙa'ida ba ya jiran malami. Zana takardar tambayoyi ba ya jira. Karanta ayyukan da suka gabata, koyon manhajar da za ki yi lissafi da ita, rubuta daftarin babi na uku, duk ba sa jira. Abin da na fi gani shi ne ɗalibi ya miƙa babi, sai ya ji kamar an sauke masa kaya, ya naɗe hannu. Jinkirin malami ya zama inuwar da nasa jinkirin ke fakewa. In aka tambaye shi sai ya ce "ai yana wurin Malam", kuma gaskiya ya faɗa, sai dai ba duka ba.

Sannan in za ki miƙa aiki, kada ki ajiye ki juya. Ki ce, "Malam, yaushe zan dawo?" a sa rana, ki rubuta a gabansa. In ranar ta wuce ki tura saƙo gajere mai ladabi. In abin ya ƙi, akwai kodinetan furojek a sashe, an sa shi ne don irin wannan, kuma zuwa wurinsa ba rashin kunya ba ne.

Bilkisu: Na karɓi rabin maganar, Malam. Manazarta kam da na jera su a lokacin, da ban sha wuyar da na sha ba. Amma kai ƙara wurin kodineta, kowa ya san yadda take ƙarewa in malamin ya ji.

Malam Habu: Shi ya sa ba ƙara za ki kai ba. Neman shawara za ki je, ki ce ranar difens ta matso, ya yake ganin za ki yi. Shi ya san yadda zai taɓa abokin aikinsa ba tare da sunanki ya fito a matsayin mai ƙorafi ba.

Wani abu kuma game da kwana goman nan. Ko da an ba ku wata biyu, yawancinku za ku ce ya isa har ya yi yawa. A 1994 Roger Buehler da abokan aikinsa a Kanada sun tambayi ɗaliban ajin ƙarshe kwana nawa zai ɗauke su su gama kundinsu. A matsakaici suka ce kusan 34. Aka ce to in komai ya lalace fa? Suka ce kusan 49. Da aka zo ƙirga na gaske, kwana 55 da rabi ne. Wato ko mummunan zaton da suka yi bai kai gaskiya ba. Mutum yana lissafi ne da ranar da babu zazzaɓi, babu rasuwa a unguwa, babu layi a shagon buga takardu, filashi bai ci bairos ba. Maganin shi ne kada ka tambayi zuciyarka, ka tambayi tarihinka: wancan asamen ɗin da na ce kwana biyu, kwana nawa ya ci? Da wannan za ka yi lissafi. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Istifanus: Aikin rukuni fa? Mutum goma, kowa na jiran wani ya fara. Daren ƙarshe mutum biyu su yi, sauran su turo "a sa sunana, nawa ne kuɗin bugawa".

Rukayya Maman Amir: Wannan sai an raba tun ranar farko, a rubuta a zauren rukunin: wane shafi kaza, ranar kaza. Kuma ranar da za ku sa wa kanku ta riga ta malami da kwana uku. In aka ce "mu duka za mu yi", ba wanda zai yi. Ni na sha zama shugabar rukuni, ba don na fi kowa ƙoƙari ba, don ba ni da daren ƙarshen da zan bayar.

Ummi: To ni yanzu da saura kwana goma sha biyu a fara, kuma akwai kwas biyu da ko buɗewa ban yi ba, Pomodoro zan yi ko tsangaya? 😭

Gardi: 'Yar'uwa, yau kada ki ce za ki karanta kwas. Ki ɗauko tsofaffin tambayoyi na shekara uku, ki ga batutuwan da ke maimaituwa, ki rubuta su a takarda ɗaya. Aikin yau ke nan. Gobe bayan asuba ki kama na farko. In kin gama kowane batu ki rufe littafi ki rubuta abin da kika tuna, nan za ki san ko ya zauna. Ɗakin kuma ki bar shi da dattinsa har a gama.

Sagir (Admin): Wani ɗan uwa ya turo mini wannan ta gefe, ya ce in saka ba suna:

"Ni nawa ya wuce wasa. Abokaina sun gama sun tafi bautar ƙasa, ni ina da kwas biyu da furojek da suka riƙe ni. A gida an ɗauka na gama, ina jiran sakamako ne. Kullum in na ce zan je makaranta sai in ji kamar an ɗaure ni, in kwanta har azahar. Ba na ɗaukar wayar 'yan ajinmu. Shekarata 29. Ban san ta inda zan fara ba."

Kawu Sale: Ɗan uwa, Allah ya yaye maka. Abu ɗaya da ya kamata ka sani don ka yi lissafi da shi: hukumar bautar ƙasa (NYSC) tana duba shekarunka ne a ranar da ka kammala, wanda ya haura 30 takardar yafewa ake ba shi maimakon kiran sansani. Takardar halastacciya ce, ana aiki da ita, ba ƙarshen duniya ba ne. Amma in kana son ka je, wannan zangon yana da muhimmanci. Kuma digiri yana da iyakar shekarun da ake yarda mutum ya yi a kansa, a yawancin jami'o'inmu kwas na shekara huɗu ba ya wuce shida. A bari ya huce shi ke kawo rabon wani.

Ustaz Kabiru: Kuma ka samu mutum ɗaya a gida ka faɗa masa, ko yaya ko kawu, wanda zai iya shigar maka wurin mahaifi. Ɓoyon nan yana cin ƙarfin da za ka yi karatun da shi. Faɗan da kake tsoro na yini ɗaya ne.

Nura Injiniya: Wannan kam ba zan ce laifin tsarin makaranta ba ne. Ɗan uwa, in garinmu ɗaya ka yi wa Admin magana ya haɗa mu, ni zan raka ka.

Malam Habu: Ɗana, ka saurare ni. Irinka suna zuwa ofishina duk shekara, kuma mafi yawansu suna gamawa. Abu na farko, ka daina yi wa kanka shari'a a kan watannin da suka wuce. An yi bincike a Jami'ar Carleton ta Kanada, aka wallafa a 2010: ɗaliban da suka yafe wa kansu jan ƙafar da suka yi kafin jarabawar farko, sun fi rage shi kafin ta biyu. Dalilin a fili yake, wanda ke jin kunyar littafi ba ya son ganin littafin.

Na biyu, kwanciya har azahar da guje wa mutane da jin kamar an ɗaure ka, in ya ɗauki makonni, ba lallai kasala ba ce. Yana iya zama ciwon damuwa, kuma ana maganinsa. Ka biya asibitin makaranta ko ofishin ba da shawara ga ɗalibai ka faɗa musu yadda ka faɗa mana nan.

Na uku, ranar Litinin kada ka je don furojek, kada ka je don ganin mai duba aikinka. Ka je wurin kodinetan ajinku ko jami'in jarabawa na sashe, da lambar rajistarka da takardar biyan kuɗinka ta ƙarshe. Tambaya uku za ka yi: zango nawa ya rage mini a ƙa'ida, a wane zango ake yin kwas biyun nan, kuma yaushe ake rufe rajista. Ka rubuta amsar a takarda, ka turo wa Admin ya miƙo mini, sai mu ga na Talata.